Goron Amana a Filin Turaku

Goro biyu na ci waɗanda ba nawa ba, kuma saura ƙiris su haddasa yaƙi tsakanin aljanun ruwa da aljanun dutse. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Ni na miƙa hannu, ni na tauna.

Sunana Arzika, noman albasa nake yi a fadama. Ranar da abin ya faru rana ta take tsaka, ina jan ruwa a rijiyar lambuna, sai na ji an riƙe guga daga ƙasa. Na ja, aka ja. Na leƙa na ce, "Kai ko wane ne, igiyar nan da hannuna na tuƙa ta, ramar ma ni na shuka." Na naɗe ta a damtse na kafe ƙafa. Fizga ɗaya aka yi, sai ga ni tsundum cikin rijiya, kai ƙasa ƙafa sama. Ban kuwa saki ba.

Na yi ta nutsewa har na fid da rai, can sai na ɓullo ta ƙasan ruwan na faɗo tim a kan busasshen rairayi. Na ɗaga kai. Samaniyar ƙasar kore ce shar, rana kuma biyu, babba da ƙarama, ƙaramar ba ta fi faifai ba. A gabana wani ne tsaye, tsawonsa ya kai giginya, rigarsa ta ɓawon kifi, ƙafafunsa kofato ne jajaye.

Ya dafa ƙirji ya ce, "Aminci ya tabbata a gare ka, ya kai mafi taurin kai cikin 'ya'yan Adamu. Ni ne Jan Kofato, manzon Magajiya mai shari'ar aljanu. Rijiya casa'in da tara na ja guga, kowa ya saki ya ruga yana salati. Kai kaɗai ka biyo abinka."

Na ce, "To na ji. Nuna mini hanya in koma."

Ya ce, "Za ka koma idan ka yi aikin da aka kira ka dominsa. Idan ka kasa, ka zama turke."

Na ce, "Turke kamar yaya?"

Ya ce, "Kamar turke."

Muka kama hanya. Ran farko muka iske wani kogi mai magana. Ya yi mini murmushi da kumfa ya ce, "Ya kai baƙo mai daraja, ai ka ga ni ba ni da zurfi, iyakata idon sawu. Ko ba haka ba?" Na ce, "Ban yarda ba sai na gwada." Na samo gora doguwa na zura, ta shige duka har da rabin hannuna. Na ce, "Maƙaryacin banza." Kunya ta kama kogin, ya tattare jikinsa gefe guda kamar mai naɗe tabarma, muka wuce a ƙasa busasshiya. Jan Kofato ya ce da na ce wa kogin haka ne, da yanzu kifaye na rabon kayana.

Rana ta biyu muka ratsa wata kasuwa da zabi ke ci, kowace zabuwa da rawaninta, ba abin da ake sayarwa sai inuwa. Wata ta tare ni ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ba ni inuwarka mai ƙusumbi in ba ka ta basarake, mai laima da alkyabba." Na ce, "Shekara arba'in da bakwai muna tare da wannan, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Matsa." Ta bi ni da zagi har bakin kasuwa.

Rana ta uku muka zo wani dutse mai hamma. Ba hanya sai ta cikin bakinsa, kuma hamma ɗaya yake yi a yini. Da ya wage, Jan Kofato ya saɓe ni a kafaɗa ya zuba a guje. Muna fita ta ƙeya bakin ya rufe ƙarap, ya datse mini aljihun riga. A cikin aljihun nan ƙunshin gorona yake.

Wanda ba ya cin goro ba zai gane ba. Kafin mu kai inda za mu, kaina kamar ana daka sakwara a ciki, idanuna sun yi ja, ko sallamar kirki ba na iya amsawa.

Da hantsin rana ta huɗu muka iso wani fili da gajimare ya sauko ya lulluɓe. Jan Kofato ya zaunar da ni a bakinsa ya ce in jira, zai je ya yi mini iso. Yana ba da baya gajimaren ya fara ɗagawa, na ga abin da ke ƙasa. Turaku ne a kafe, jeri takwas, kowane jeri turke takwas, sun yanka filin gida-gida kamar fangalin lambu, fangali arba'in da tara. A tsakiyar kowane fangali akwai ƙwarya. Wasu a kife suke. Wasu a buɗe ba komai ciki. Wasu kuwa da goro, wata ɗaya, wata biyu, wata uku.

Goro fa, jama'a. Fari tas, manya, sai sheƙi suke.

Ina zaune daidai kusurwar arewa maso gabas. Fangali na biyu daga kusurwar, ƙwaryarsa goro biyu ne. Na duba dama, na duba hagu. Na ce a raina, mutanen da ke shanya goro a rana haka ba su san darajarsa ba. Na ɗauki ɗaya na ɓantara. Wallahi tunda uwata ta haife ni ban ci irinsa ba, nan take ciwon kan ya tafi. Na ce to ɗayan ma zaman me yake yi shi kaɗai. Da na gama na kife ƙwaryar, tunda ga kifaffu nan da yawa, wa zai ƙirga. Na goge baki na koma na zauna kamar malami.

Sai ƙasa ta ɗauki rawa. Ta yamma aljanun ruwa suka kwararo, shuɗɗa, jikinsu na ɗiga, sarkinsu a kan kada mai kai uku. Ta gabas aljanun dutse suka gangaro, gajeru masu faɗi, in sun yi tari tsakuwa ke fita. Kowane ɓangare da masu da garkuwa. A tsakiya Magajiya ta sauko a kan kujerar hayaƙi, tsohuwa ce ƙarama, gashin kanta fari har ƙasa, kuyangi na riƙe da shi kamar jelar riga. A gefenta aka zaunar da wani tsohon aljani mai kunnuwa kamar faifan tuwon biki, ba ido a fuskarsa.

Magajiya ta ce, "Ya kai ɗan Adam, saurara. Shekara dubu mutanen nan suna yaƙi a kan iyaka. Da suka gaji, suka yarda wannan dattijo, Ƙudundun, ya shimfiɗa musu wannan fili. Kowane fangali a nan ƙasa ce ta tafiyar kwana bakwai. Za a zagaya igiya daga turke zuwa turke, miƙe ko gicciye, ba karkace ba. Igiya ɗaya ce, ba ta reshe, ba ta haye kanta, kuma bakinta zai koma ya haɗu da gindinta. Abin da ya faɗa ciki na mutanen ruwa ne, abin da ya rage waje na mutanen dutse."

Na ce, "Goron fa, na baƙi ne?"

Ta ce, "Goron amana ne, shi ne umarni. Fangali gefe huɗu gare shi. Goro nawa ke ƙwarya, gefe nawa igiya za ta bi. Ƙwarya buɗaɗɗiya ba komai, igiya ba ta taɓa wannan fangali. Ƙwarya kifaffiya kuwa ba ta ce komai ba, igiya ta bi yadda ta samu."

Na haɗiye yawu, ɗanɗanon goro na nan a maƙogwaro.

Ta ci gaba, "Duka sun rantse za su karɓi inda igiya ta kwanta, da sharaɗin hanya ɗaya ce tak. Aljani ba ya shaida a nan, kowa da danginsa. Shi ya sa aka nemo wanda ba ya yarda da magana sai ya gwada. Ka duba mana kafin ƙaramar rana ta faɗi. Idan ka ce ɗaya ce aka samu ta biyu, ka zama turke. Idan ka ce biyu ce ka kasa nunawa, ka zama turke. Idan ka nuna biyu, ka tafi gida lafiya, Ƙudundun kuwa a cusa shi a gora a jefa ƙarƙashin teku shekara dubu, waɗannan kuma su koma fagen fama. Idanun Ƙudundun suna aljihuna don kada ya yi maka inkiya."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajena yana dariya, ya ce, "Duba da kyau, ɗana, kada ka ji tausayina. Shekara ɗari uku na yi ina dasa ƙoren nan. Ko sauro bai isa ya sami hanya ta biyu ba."

Na ce a ba ni toka da tsakuwa. Aka kawo.

Ni ban yi karatun kirki ba, amma na san ruwa a lambu. Ba ka sakin ruwa ka ce Allah ya kai shi, sai ka toshe nan ka buɗe can. Na ce a raina ba zan yi cinta-cinta ba. Duk gefen da igiya dole ta bi, in zuba toka. Duk gefen da ba ta isa ta bi ba, in ajiye tsakuwa. In na kai ƙarshe kowane taku dole ne ya sa ni, to hanya ɗaya ce, ko wa ya zo.

Na fara da ƙoren da ke buɗe ba komai, na jera musu tsakuwa huɗu-huɗu. Akwai wata mai goro uku maƙwabciyar irin wannan, gefen da suka haɗa ya riga ya mutu, saura uku, na zuba musu toka duka. Daga nan abin ya fara jan kansa. Turken da toka biyu suka riga suka shiga, sauran hanyoyinsa tsakuwa. Turken da toka ɗaya ta shiga, in hanya guda ta rage masa, dole ta fita ta nan, igiya ba ta kwana a turke. Kowace toka na zuba sai na ɗaga murya na faɗi dalili, aljanun dutse su yi gurnani, na ruwa su yi tsaki, ko kuma a juya.

Zafin rana biyu ba wasa ba ne. Tsoho Ƙudundun ya ji ina haki, ya miƙo kunnensa ɗaya ya yi tsawo har tsakiyar fili, ya yi mini laima da shi. Duk inda na matsa kunnen na bina.

A kudancin filin na kusa faɗawa rami. Wuri ne da na ga kamar igiya na iya bin dama ko hagu. Sarkin ruwa har ya miƙe a kan kadansa yana cewa, "Ga ta biyu! A kawo gora!" Na ce, "Zauna, mai jiƙaƙƙen wando, ban gama ba." Na bi ta dama da yatsa, taku biyar sai ta rufe kanta ta yi ɗan ƙaramin zobe, ta bar sauran tokar a waje. An ce igiya ɗaya, ba biyu ba. Na ajiye tsakuwa a dama, na zuba toka a hagu. Tsohon ya tafa hannu ya ce, "Wannan tarkon shekara arba'in na yi ina gina shi! Ɗana, wa ya koya maka?" Na ce, "Albasa."

Haka na yi ta yi har ƙaramar rana ta karkata. Fili ya cika da toka da tsakuwa, ba gardama ko ɗaya, sai kusurwar arewa maso gabas, inda na zauna da safe.

Hanyar igiya ta biyo bakin arewa ta iso turken da ke kafaɗar fangalin kusurwa. Ɗaya bakin kuma ya hauro ta gabas ya tsaya a turken da ke ƙugunsa. Saura a haɗa. In ta zagaya ta bayan fangalin, gefe biyu ta bi, fangalin ya shiga ciki. In ta yanko ta gabansa, gefe biyu ta bi, fangalin ya fita waje. Ƙwaryarsa goro biyu ne, ko ta ina ta gamsu. Maƙwabciyarsa ta kudu a kife take tun asali. Wadda za ta raba gardama ita ce ta yamma: in goro ɗaya ne a cikinta, a bi ta baya, in biyu ne, a yanko ta gaba.

Ita ce na kife.

Na tambayi Jan Kofato a hankali, "Wannan kusurwar wace ƙasa ce?"

Ya ce, "Idon Sanyi ke nan, maɓuɓɓugar da aka fara yaƙin a kanta."

Na tsaya ina kallon ƙwaryar. In na yi shiru na nuna hanya biyu, ba ƙarya na yi ba, ga su nan kowa na gani, yau ɗin nan ina gida. Kunnen tsohon kuwa yana bisa kaina har yanzu, yana ɗan kaɗawa don in sha iska.

Magajiya ta ce, "Rana ta kusa, ya kai ɗan Adam. Ɗaya ko biyu?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, yadda filin nan yake yanzu, biyu ce." Na nuna musu ta baya, na nuna musu ta gaba.

Wuri ya kaure. Aka fara buga garkuwa, kada ya wage bakunansa uku, wasu ƙarti biyu suka jawo gora mai bakin tagulla. Kunnen ya janye daga kaina a hankali. Tsohon bai yi ihu ba, cewa kawai yake, "Ba zai yiwu ba. Na ƙirga. Na ƙirga sau dubu."

Na ce, "Ku dakata, ban rufe baki ba! Na ce yadda yake yanzu. Yadda tsohon nan ya bar shi, ɗaya ce." Na taka na buɗe ƙwaryar na ɗaga ta sama. "Wannan ba kifaffiya ba ce. Goro biyu ne a ciki. Ni na cinye su da hantsi, na kife ta."



Magajiya ta ce, "Ka ci goron amana?"

Na ce, "Na ci. Kuma da daɗi."

Sarkin dutse ya fashe da dariya, tsakuwa na zuba daga bakinsa, don goro biyu shi ya ba shi Idon Sanyi. Sarkin ruwa ya daka tsalle ya ce, "Ƙarya yake, ya Magajiya! Ɗaya ne ya ci! Ɓarawo ne da bakinsa, yaya za a karɓi ƙirgen ɓarawo? An saye shi!"

Na ce, "Da me aka saye ni, da tsakuwa? Ni na san abin da na tauna."

Magajiya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ba a tambayar ɓarawo, ba a tambayar mai fili. Amana ake tambaya. Matso, buɗe bakinka."

Na wage baki. Ta leƙa ta ce da murya mai nauyi, "Ya ku goron amana, ina kuka sauka, kuma ku nawa ne?"

Sai na ji haƙorana na gaba na sama sun yi zafi. Wasu 'yan muryoyi sirara suka fito daga bakina, ba kuwa ni ke magana ba. Ɗaya ta ce, "Ga ni a haƙorin dama, ranki ya daɗe." Ɗayar ta ce, "Ni kuma ina na hagu. Mu biyu ne. Ni ce ya ci daga baya, ko bismilla bai yi ba."

Na ce, "Munafuka."

Dariya ta ɓarke har cikin mutanen ruwa. Sarkinsu ya koma ya zauna yana huci, ya ce, "To na ji, biyu ne. Amma doka ta ce wanda ya taɓa amana ya zama turke. A cika doka."

Na ce, "Ranki ya daɗe, turke yana ba da shaida? Ban riga na furta hukunci a kan filin da aka gyara ba. In kun kafe ni yanzu, sai ku koma jan guga rijiya casa'in da tara, ga rana na faɗuwa."

Magajiya ta zaro idanun Ƙudundun daga aljihu ta miƙa masa. Ya maƙala su, ya ƙare mini kallo sama da ƙasa, ya ce, "Ashe haka kake da muni, ɗana." Sannan ya durƙusa ya ce, "Ya Magajiya, wannan da ya yi shiru da yanzu ina cikin gora. Doka ta ce a kafe wanda ya ci amana ya hana. Wannan bai hana ba, ga amanar a bakinsa. A mayar da ita mazauninta."

Na ce, "A mayar kamar yaya?"

Jan Kofato ya riga ya dafa mini ƙeya. Yatsa biyu ya sa. Ƙwas, ƙwas. Ban ma sami damar ihu ba sai da na ji ƙarar haƙoran nan nawa biyu a cikin ƙwarya, suna gaisawa da juna.

Magajiya ta ce, "Yanzu duba filin, ya kai shaida. Ɗaya ko biyu?"

Na zuba toka ta gaban fangalin kusurwa, na ajiye tsakuwa biyu ta bayansa, na bi layin tokar da ƙafa tun daga nan har na dawo nan, ban tsallake turke ko ɗaya ba. Na ce, "Ɗaya ce tak." Sai dai yadda ta fito daga bakina, iska ta fi maganar yawa, sai da aka sa na maimaita sau uku, ina jin kuyangi na ƙyaƙyatawa.

Aka kawo igiyar zinariya aka kwantar a kan tokar. Bakinta na haɗuwa da gindinta ƙaramar rana ta faɗi, masu suka zube ƙasa suka zama rake, kowa ya ɗauki nasa yana sha. Sarkin dutse ya ce mutanen ruwa na iya zuwa Idon Sanyi ran Laraba su yi wanka, sarkin ruwa ya ce ba ya so, daga baya ya ce Laraba da Asabar. Ƙudundun ya naɗe ni a kunnensa ya wulwula sau uku ya saki.

Na faɗo a bakin ƙofar gidana ana kiran la'asar. Matata Ige na tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Malam, ina ka shiga tun azahar?" Na buɗe baki zan yi bayani. Ta dubi bakin, ta ajiye rariya, ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa tana riƙe ciki.

An ce in je birni a sa mini haƙoran roba. Na je, sau biyu ana sawa, kafin in iso gida sun zube, wurin ba ya karɓar baƙo. Nawa suna can ƙasar aljanu cikin ƙwarya suna tsaron iyaka. Ni kuwa ga ni nan da giɓi, ƙato da ni, ban kai hamsin ba, kullum da magogi a aljihu. In an raba goro a wurin suna ko ɗaurin aure, sa'o'ina su ɓantara ƙaras, ni in koma layin tsofaffi in zauna ina goga nawa.